Har Yanzu Rawaya Ne

Litinin, 8 ga Janairu, 2024

Yau na fara koyarwa. Shekarata sittin da huɗu, amma a takardar da aka liƙa a ofis sunana yana ƙarƙashin "sababbin malamai", tsakanin wata yarinya da ta gama bautar ƙasa bara da wani saurayi mai koyar da wasanni.

Makarantar kuɗi ce a Sabon Gari, wani tsohon otal da aka yi wa fenti. Mai ita Alhaja Ramota ce, matar marigayi Alhaji Musiliu da yake sarin atamfa a wurinmu lokacin da masaƙa take masaƙa. Malaminta na Kemistiri ya samu hanya ya bar ƙasar, ga 'yan ajin ƙarshe za su zauna WAEC a watan Mayu. Ta ce, "Baba Abdulmuminu, ka riƙe mini su zuwa jarrabawa. In sun ci, ajin naka ne." Ban tambaye ta in ba su ci ba fa.

Na yi digiri a Zariya, na ƙaro ilimin rini a Ingila, na shugabanci sashen rini na masaƙa guda a Bompai har ranar da aka sa mata kwaɗo. Tun daga ranar sai zaman benci a bakin kasuwar Kwari, ina kallon 'yan dako suna sauke dilolin ƙasashen waje. Yau aƙalla na sauka daga adaidaita sahu kamar mutumin da ake jira a wani wuri.

Alhamis, 11 ga Janairu

Babu allo a ajin. Wani ƙaton gilashi ne a bango, ana rubutu a kansa da yatsa. Malamin kwamfuta, Cyprian, shi aka haɗa ni da shi. Haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi ta jikokina. Ya ce, "Baba, kada ta ba ka tsoro, waya ce, ƙiba kawai ta yi."

Na taɓa don in rubuta sunana, sai ga hoton Alhaja tana raba kyaututtuka ya cika bango. Yaran ba su yi dariya ba. Da sun yi da ya fi mini sauƙi.

A cikin gilashin nan wai akwai ɗakin gwaji. Da yatsa ake zuba asid, in ka yi kuskure sai ya yi ƙara ya koma farko. Asid ɗin da ba ya wari, ba ya ƙona yatsa, ba ya huda riga. Da shi aka koya wa yaran nan Kemistiri tun shigarsu.

Laraba, 17 ga Janairu

Suna kirana Baba, ba Malam ba. Ban san ko girmamawa ce ko tausayi ba.

Talata, 23 ga Janairu

Na gano akwai kayan gwaji na gaskiya a wani kabad a bayan ofis. Ba a fito da su sai ranar da masu duba makarantu za su zo, a jera su, a mayar. Har yanzu wasu da takardar kanti a jikinsu.

Na gaya wa Alhaja ranar jarrabawa ba gilashin bango za a ba yaran ba, buret za a ba su, wannan dogon bututun mai ɗan famfo a ƙasa, kuma babu wanda ya taɓa riƙe shi a cikinsu. Ta yarda, da sharaɗi: duk ranar gwaji Cyprian zai kafa waya a kan sanda ya ɗauki darasin, a tura wa iyaye da waɗanda ba su zo ba. Na ce ya ɗauka. Ni dai ba zan kalla ba. Na san kamannina.

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Gwajin farko. Da na buɗe kwalbar asid warin ya bugi hancina, sai da na dafa tebur. Rabona da shi tun masaƙa.

Aikin ba shi da wuya a faɗa. Ruwan alkali, wato kishiyar asid, a kwalba, a sa masa ɗigon rini ya zama rawaya. A riƙa ɗiga asid daga buret ana kaɗa kwalbar. Akwai ɗigo ɗaya da rawayan zai juya ya zama ruwan lemo. A nan ake rufe famfo, a karanta lamba. In ka wuce har ya yi ja, ka ɓata, lambarka ƙarya ce, kuma duk lissafin da za ka ɗora a kanta ƙarya ne. Maki mai yawa yana rataye a kan wannan ɗigon.

Na gaya musu a masaƙa idona ne ma'auni. In an rina yadi, sai an kawo mini gefen taga na duba kafin a saki inji. Turawan da suka kafa injinan ma ni suke tambaya. Ban san me ya sa na faɗa musu wannan ba. Wani yaro mai surutu, Khalifa, ya ce, "Ashe Baba kai ne kwamfutar lokacin." Na bar shi.

Da na dawo gida Fagge matata Hajo ta ce yau na ci tuwo kamar mai aiki.

Talata, 6 ga Fabrairu

Akwai yarinya guda, Wasilat. Babanta yana sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa. Tana son karanta haɗa magunguna. Hannunta ba ya rawa, kuma tana wanke kwalba ba sai an ce mata ba.

Yau ita ta fara. Tana cikin ɗigawa sai ta rufe famfo. Na ce me ya faru? Ta ce, "Ya juya, Baba." Na ɗaga kwalbar. Rawaya ne ƙarara. Na ce, "Har yanzu rawaya ne. Wannan gaggawar gilashin bango ne ya koya miki ita, shi da yake canza launi kamar fitilar biki. Buɗe." Ta dube ni, ta dubi kwalbar, ta ce, "To, Baba." Ta ci gaba har sai da na ga ya juya, na ce yauwa.

Na ɗaga kwalbar na zagaya da ita ajin. Na ce kowa ya haddace wannan launin, shi ne daidai, kada wanda ya tsaya kafin ya kai nan. Suka rubuta.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Babu wuta, sola ta ƙi. Gilashin ya mutu. Na koyar da baki kawai, ban taɓa jin daɗin aji kamar yau ba.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Na biya ta Kwari. Alhaji Sadisu, abokin zaman bencina, ya fito da shadda biyu ya ce in duba masa ko rini ɗaya ne, mai saye yana gardama. Na kai bakin ƙofa na duba, na ce ɗaya ne. Ya ce, "Haka ne, Injiniya," ya ninke ya ajiye. Amma ban ga ya kira mai sayen ba.

Kayan yanzu duk launinsu a mace yake. Ko shuɗin kirki babu. Kasuwa guda kamar an wanke ta da ruwan shayi.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Yaran sun ƙware. Kowa yana kai kwalbarsa daidai inda na nuna. Cyprian ya tsaya bayan darasi yana naɗe sandar wayarsa, ya ce, "Baba, ko za ka ɗan kalli na yau? Ko sau ɗaya." Na ce ina da abin yi. Ya buɗe baki kamar zai ƙara magana, sai ya ce a gaida Mama.

Ranar Litinin za a yi musu jarrabawar gwaji. Alhaja ta ɗauko wata malama daga wata makaranta, ita za ta haɗa ruwan, ita za ta duba. Bari ta zo ta gani.

Laraba, 6 ga Maris

Duka sun faɗi gwajin. Duka, har Wasilat.

Malamar ta ce kowane ɗayansu ya zarce lambar, kuma kusan da yawa ɗaya, kamar sun haɗa baki. Ta ce ta tsaya tana kallonsu, launi ya juya a gabansu, suna ci gaba da zubawa har kwalba ta yi ja kamar zoɓo.

Na ce ruwanta ne ba daidai ba. Na ce rinin da ake sayarwa yanzu jabu ne. Na ce gilashin bango ya riga ya ɓata musu ido tun kafin in zo. Na faɗi abubuwa da yawa, da Turanci ma, irin wanda na daɗe ban yi ba. Alhaja ta bar ni har na gama. Ta ce, "Baba, ni ban san Kemistiri ba. Na san iyayen yaran nan, kuma gobe za su cika mini ofis. Ka nemo mini abin da ya faru."

Alhamis, 7 ga Maris

Bayan an tashi Cyprian ya same ni a aji. Bai tambaye ni ba, ya kunna gilashin, ya nemo darasin ranar da na gyara wa Wasilat, ya ƙara sauti. Ya ce zai je ya sayo ruwa. Na san babu ƙishirwar da ke damunsa.

Ga ni a bango, tsoho, na fi yadda nake zato ranƙwafawa. Ga kwalba a hannuna. Launin ban iya rantsewa a kansa ba ko a nan. Amma wayar tana kusa da bencin gaba, ta ɗauki abin da kunnena bai ɗauka ba.

Muryar Khalifa, ƙasa-ƙasa: "Wallahi ya juya tun ɗazu."

Wata yarinya: "Yi shiru mana."

"To ai ya wuce."

"Baba ne fa. So kake ka kunyata shi?"

Sai muryata, da ƙarfi, cike da jin kai: har yanzu rawaya ne. Sai Wasilat: to, Baba.

Na ga kaina ina zagaya ajin da kwalbar a sama. Na ga kawunansu suna sunkuyawa suna rubutawa.

Ban san yadda ake kashe abin ba. Ya gama, ya koma farko da kansa, na sake ji. Ina zaune har Cyprian ya dawo ya kashe. Ya ajiye mini ruwan a tebur. Na ce tun yaushe ka sani? Ya ce, "Ni ba fannina ba ne, Baba. Na dai ga yaran suna kallon juna." Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce, "Na yi ta cewa ka kalla."

Juma'a, 8 ga Maris

Ban je ba.

Bayan masallaci na gaya wa Hajo. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, tun bara na sani. Ranar sunan jikarmu, 'yar Bilqis, ka yaba mini koren mayafi, alhali shuɗi na yafa." Na ce shi ne kika yi shiru? Ta ce, "Idon ne kaɗai abin da ba su ƙwace maka ba. Ni zan ƙwace?"

Ita, da Alhaji Sadisu, da yara 'yan shekara goma sha shida. Gari guda yana lallaɓa ni kamar ƙwai, ni kuma ina yawo ina zagin masu rinin zamani.

Talata, 12 ga Maris

Azumi ya kama. Na je asibitin ido. Likitar ba ta kai Bilqis shekaru ba. Ta ce yana ce a idanun biyu, irin wadda take sa mutum ya riƙa ganin duniya kamar ta bayan gilashi mai rawaya, a hankali take zuwa har mutum ba ya lura. Ta tambayi aikina. Na ce malamin makaranta. Ban faɗi ɗayan ba.

Ana yin aiki a cire. Layi ya kai watan Yuni. Jarrabawa a Mayu take.

Alhamis, 14 ga Maris

Na gaya wa Alhaja da bakina kafin ta ji a wani wuri. Ta yi salati, ta yi mini sannu, ta ce Allah ya sa kaffara ne. Sannan ta yi maganar mai makaranta. Ta riga ta yi wa iyaye alkawarin sabon malami. Ba zai samu zuwa ba sai bayan jarrabawa, saboda haka ni zan ƙarasa da su, daga nan shi ke nan. Ta ce, "Ka yafe ni, Baba." Na ce da ni ne ma haka zan yi. Gaskiya na faɗa, shi ya sa ta fi ciwo.

Benci yana nan a Kwari, ba wanda ya ɗauke.

Abin da ya rage: na koya wa aji guda kuskure har ya zauna musu, kuma ni kaɗai ne a ɗakin da ba zai iya ganin daidai ba.

Litinin, 18 ga Maris

Na tsaya a gabansu na faɗa. Na ce launin da na sa kuka haddace ba shi ba ne, idona ne ya lalace, Wasilat ce ta yi daidai ranar nan. Na so wani ya yi fushi. Suka ce, "Allah ya ba da lafiya, Baba," baki ɗaya, kamar karatun safe. Wasilat ta sa kanta a kan benci.

Cyprian ya kawo dabara. Ya raba gilashin biyu. Gefe ɗaya launin daidai daga ɗakin gwajin nan na ƙarya, ɗaya gefen kuma kwalbarmu ta gaskiya, ya matso da wayar dab da ita har ta cika rabin bango. Kowa yana iya gwadawa da idonsa, har na bencin baya. Ban ce ya yi kyau ba. Na ce a bar shi haka.

Laraba, 20 ga Maris

Ranar jarrabawa ba gilashi a gabansu, ba ni. Dole su yarda da idonsu ko da wa ya ce a'a. Saboda haka na ce ni zan riƙe famfo, su za su tsayar da ni. Duk wanda ya ga ya juya ya ce in tsaya.

Na buɗe. Ina ɗigawa, ina kaɗawa. Shiru. Ina jin benci yana motsi, wani ya yi tari. Na ci gaba har buret ya ƙare ƙaf, kwalba ta yi jan da ni ma na gani.

Na ce ba wanda ya gani? Khalifa ya ce, "Mun gani, Baba." Na ce to? Ya ce, "Nauyi ne." Na ce wannan nauyin ne zai kayar da ku, ku koma gida da ladabinku da takardar banza. Na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata ga mai azumi. Su aka koya wa kada su katse babba tun suna rarrafe, ni kuma ina so su bari a mako guda don ya yi mini daidai.

Litinin, 25 ga Maris

An sake. Shiru. Na zubar da asid na banza.

Litinin, 22 ga Afrilu

An dawo daga hutun Sallah. Na ɗauka sun manta komai.

Na buɗe famfo kamar kullum. Can sai na ji wata murya kamar ta sauro: "Baba, ya isa." Wasilat. Na yi kamar ban ji ba, na ce har yanzu ban ga komai ba, na ci gaba. Ban yi tsammanin abin da ta yi ba. Ta taso daga bencinta, ta miƙo hannu ta ƙarƙashin nawa ta rufe famfon. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Ya juya." Muryarta tana rawa, hannun bai yi ba.

Aka karanta lamba. Ɗigo biyu ne suka wuce, kuma nawa ne, na taurin kai. Khalifa ya ce, "Gobe ni zan kama Baba." Suka yi dariya, karon farko a gabana.

Na je bayan ofis na daɗe ina wanke kwalaben da an riga an wanke.

Talata, 30 ga Afrilu

Yanzu har rige-rigen tsayar da ni suke yi. Wani ma tun kafin ya juya, sai sauran su taso masa. Ajin ya zama kasuwa. Alhaja ta leƙo ta koma.

An ce sabon malamin yaro ne, bai taɓa aiki da rini ba sai a takarda. Ba ruwana. Amma tunda kayan suna waje kuma asid ya rage, na ce wa Cyprian ya kafa sandarsa mu ɗauki gwajin tun daga wanke kwalba har lissafi, a ajiye a cikin gilashin. 'Yan aji na ƙasa za su taso. In ya ga dama ya nuna musu, in ya ga dama ya goge.

Mun ɗauka yau. Na yi bayanin komai da kaina, yadda ake riƙe famfo da hagu, yadda ake kaɗawa da dama, yadda ake sa ido daidai da lamba. Da aka zo wurin juyawar launi na ci gaba da ɗigawa, sai ajin ya ɗauka gaba ɗaya: tsaya, Baba. Na rufe.

Da muke dubawa Cyprian ya ce hayaniyar ta yi yawa a wurin, yana iya yanke ta ya sa rubutu a madadinta, ba wanda zai san ba ni na gani ba.

Na ce ya bar ta.